Daga Dutsen Hood Zuwa Bakin Teku Tare Da Iyali: Tambayoyi Da Amsoshi

Duk ƙarshen watan Agusta dubban mutane kan hallara a jihar Oregon, can arewa maso yammacin Amurka, domin gudun ba-ni-in-ba-ka da ake kira Hood to Coast. Idan abokan aiki suka ja mutum cikin tawagarsu, da wuya ya so barin iyali a gida, tunda ga daji ga teku duk a hanya ɗaya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi maimaitawa. Shawarar da za ku ga tana ta dawowa a cikin amsoshin guda ce: a raba tafiyar gida uku, kwanakin daji, kwana biyun tsere, sai kwanakin bakin teku, kuma kada a cakuɗa su.

Wai mene ne Hood to Coast, kuma yaya ake yin sa?

Tsere ne na tawaga. Ana tashi daga masaukin Timberline da ke jikin dutsen Hood, a tudun da ya kai kimanin mita 1,800, a gangaro ta Sandy da Gresham, a ratsa birnin Portland, a bi gefen kogin Columbia zuwa St. Helens, sannan a kutsa cikin tsaunukan da ke tsakanin Portland da teku, a fito a garin Seaside a bakin Tekun Fasifik. Nisan ya kusa mil 200, wato wajen kilomita 320. Wani mai zanen gine-gine, Bob Foote, shi ya fara shi a 1982 da tawagogi takwas kacal. Yau tawagogin sun haura dubu. Da can a Pacific City ake ƙarewa, sai a 1989 aka mayar da ƙarshen zuwa Seaside saboda jama'a sun yi wa wancan garin yawa.

An yanka hanyar zango 36. Cikakkiyar tawaga mutum 12 ce, kowa zango uku, a cikin ƙananan bas biyu, shida-shida. Motar farko ta ɗauki zango na 1 zuwa na 6, ta miƙa wa ta biyu ta je ta huta, haka za a yi ta karɓa-karɓa dare da rana har a isa. Ba sanda ake miƙawa ba, wani abin ɗaurawa ne a wuyan hannu. Ana tashi ranar Juma'a rukuni-rukuni tun kafin asuba, a ƙare ranar Asabar. Gwanaye kan gama cikin ƙasa da awa 20, amma yawancin tawagogi sukan doshi awa 30.

Dole sai gwanin gudu ne zai shiga?

A'a. Kowane zango tsakanin kilomita 6 ne zuwa 12 ko kusa da haka, kuma idan aka haɗa ukun, mutum kan yi daga kilomita 22 zuwa 30 da 'yan kai. Duk wanda yake iya gudun kilomita 10 ba tare da ya galabaita ba, wata uku na atisaye za su ishe shi. Abin da ke karya mutane shi ne maimaicin: ka yi gudu, ka naɗe ƙafa a mota awa takwas, ka sake fita da tsakar dare, ka ɗan runtsa a kan ciyawa, sannan a ce tashi ga zangonka na uku. Saboda haka a cikin atisaye a riƙa yin gudu sau biyu a yini ɗaya, safe da dare.

Zangunan ma ba ɗaya suke ba. Na farko gangara ce tsagwaronta, ana sauke kusan mita 600 cikin kilomita tara, kuma gwiwa da cinya ne ke biyan kuɗin washegari. Mai gudu na biyar a jerin tawaga shi ake ganin ya fi kowa shan hawa. Wanda gudu ya fi ƙarfinsa akwai 'yar uwar gasar, Portland to Coast, ta masu tafiya a ƙasa da sauri, wadda ke tashi daga Portland ta ƙare a wuri ɗaya.

Yaya ake samun gurbi?

Ana buɗe rajista a watan Oktoba na shekarar da ta gabaci tseren, kuma masu nema sun fi guraben yawa, don haka ƙuri'a ake yi. Tawaga ce ke neman gurbi, ba mutum ɗaya ba. Akwai kuma hanyar tara gudummawa ga cibiyar cutar daji ta Providence, wadda ke ba tawaga gurbi ba sai ta jira ƙuri'a ba. Wanda ba shi da tawaga kada ya cire rai: duk shekara wasu kan ji rauni ko uzuri ya taso musu, kuma daga Yuni zuwa Agusta shugabannin tawagogi kan yi ta cigiyar wanda zai cike gurbi. Sai dai wanda ya shiga a makare shi ne zai fi shan wahalar masauki. A duba amsar masauki a ƙasa.

Maigidana ne zai yi gudun. Ni da yara za mu iya bin motarsu a baya?

Hajiya, kada ku yi haka. Dokar gasar mota biyu ta yarje wa kowace tawaga, masu ɗauke da alama, kuma akwai zangunan da ko a cikin biyun ma ɗaya kaɗai ake bari ta shiga. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya ga hanyar. Daga St. Helens zuwa Mist da Birkenfeld da Jewell titin ƙauye ne siriri a tsakiyar daji, wani wurin ma tsakuwa ce da ƙura, ga motoci fiye da dubu biyu suna bin sa a dare ɗaya, ga mutane suna gudu a gefensa cikin duhu. Cunkoso kan tsayar da mota har mai gudu ya riga motarsa isa wurin miƙawa. A yawancin wannan yanki babu sabis na waya, gidajen mai kuma ba su da yawa. Ki ƙiyasta kanki a wurin da ƙarfe biyun dare, ƙaramin yaro yana kuka, babba yana neman banɗaki, ba ki da hanyar kiran kowa.

Kuma ko an ba da dama, ba za ki samu abin da kike nema ba. A waɗannan awanni shi na tawagarsa ne: ko yana gudu, ko yana tuƙi, ko yana riƙe wa wani ruwa, ko yana neman barcin awa ɗaya. Idan ya san kuna bayansa hankalinsa zai rabu biyu. Abin da ya fi muku alheri, ku yi sallama da shi ranar Alhamis da dare ko Juma'a da asuba, ku mayar da kwana biyun nan naku da yara. Amsa ta gaba ta faɗi inda za ku haɗu.

To a ina za mu tsaya mu gan shi?

Wuri biyu. Na farko Portland, inda zango na 12 ke ƙarewa na 13 ya fara, a gefen kogin Willamette kusa da gadar Hawthorne. Nan ne motocin biyu ke haɗuwa, don haka kowace mota yake ciki za ku gan shi. Ku je da ƙafa ko a jirgin ƙasan cikin gari, ku bar motarku a otal. Tun da wuri shugaban tawaga kan lissafa lokacin da kowa zai karɓa. Ku nemi wannan jadawalin, ku ƙara masa awa ɗaya gaba da baya.

Na biyu, wanda shi ne babba, Seaside. Daga Portland ku bi babban titi mai lamba 26, kilomita 130 ne, awa ɗaya da rabi idan hanya ta yi kyau, kuma ba shi ne titin masu gudu ba. Ku isa tun Juma'a da yamma ko Asabar da sassafe. Al'ada ce idan mai zango na 36 ya iso, sauran goma sha ɗaya su fito su haɗu da shi a kan yashi su tsallake layin tare. Wannan ne lokacin da yara za su tuna. A sani dai filin ƙarshen akwai kiɗa mai ƙarfi da rumfar giya. A yi hotuna, a taya murna, sannan a ja yara zuwa kudu ko arewa kaɗan, rairayin yana da faɗi sosai.

Kwana nawa ya kamata mu ware, kuma me zai zo kafin me?

Mako ɗaya shi ne mafi ƙaranci da zai yi daɗi, kwana goma kuma ya fi. A sauka a Portland Talata ko Laraba, a yi kwana biyu na daji marar wahala, Juma'a da Asabar na tsere ne, Lahadi hutu ce zalla a Seaside, daga Litinin a fara gangarawa kudu a kan titi mai lamba 101.

Lahadin nan ita ake yawan yi wa rowa, kuma ita ce ginshiƙin tafiyar. Wanda ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba, ƙafafunsa sun sandare, bai kamata a ba shi sitiyari ya tuƙa iyali a titi mai lanƙwasa a gefen kwazazzabo ba. Kada kuma a juya tsarin, wato a fara da doguwar tafiyar teku a ƙare da tsere: mai gudu zai iso wurin tashi a gajiye, yaran kuma sun ƙoshi da mota tun kafin ranar da aka zo dominta.

Yaya batun masauki?

Seaside ƙaramin gari ne, mazaunansa wajen dubu bakwai, kuma a wannan Asabar ɗin dubun-dubatar mutane ke sauka a cikinsa. Ɗakuna kan ƙare watanni kafin lokacin, farashi ya hau, wasu masaukan kuma su ce sai an biya kwana biyu ko uku. Da zarar an tabbatar da gurbi a kama ɗaki, kafin ma a sayi tikitin jirgi. Idan Seaside ta cika a gwada Gearhart, Cannon Beach, Warrenton ko Astoria, dukkansu ba su wuce tafiyar rabin awa ba. Ga iyali mai yara, gidan haya mai kicin ya fi ɗakin otal, musamman saboda abin da aka faɗa a amsar abinci. Masu son kwana a tanti, filin Fort Stevens na gwamnatin jiha yana da girma, amma shi ma tun watanni shida kafin lokacin ake rububinsa.

Wane daji za mu shiga kafin tsere wanda ba zai gajiyar da mai gudu ba?

Ku fara da kwarin kogin Columbia, gabas da Portland. Ruwan Multnomah yana faɗowa daga tsayin mita 189, kuma daga wurin ajiye mota zuwa gindinsa 'yan mintuna ne. A hau zuwa ƙaramar gadar da ke tsakiya a dawo, a bar hawan can ƙololuwa sai wani zuwan. A lokacin zafi ana buƙatar takardar izini mai ɗauke da lokaci kafin a ajiye mota a wurin, ana sayenta ta intanet. A kan tuddan yankin za ku ga itatuwa tsaye baƙi ƙirin, tabon gobarar Eagle Creek ta 2017, wadda wasan wuta na wani yaro ya tayar. Ku nuna wa yaranku.

Rana ta biyu a hau zuwa Timberline a ga wurin tashi da rana tsaka, ba hayaniya. Ginin kansa abin kallo ne: marasa aikin yi ne suka gina shi da dutse da katako a zamanin karayar tattalin arzikin Amurka, Shugaba Franklin Roosevelt ya buɗe shi a 1937. Dutsen Hood ya fi kowane dutse tsayi a Oregon, mita 3,400 da ɗoriya, kuma ko a Agusta akwai ƙanƙara a samansa. A dawowa a tsaya a tafkin Trillium, a zagaya shi a shimfiɗaɗɗiyar hanya ta kilomita uku. Silver Falls, kusa da Salem, inda ake bi ta bayan ruwan da ke zubowa, wuri ne mai ban sha'awa ƙwarai, amma cikakken zagayensa ya kusa kilomita 12 da matakala masu yawa. Wannan na bayan tsere ne, ko kuma na uwa da yara ranar Juma'a.

Ni ce zan yi gudun, kuma zangona na biyu ya faɗo tsakar dare a daji. Akwai haɗari?

'Yar'uwa, tsoron ya fi haɗarin yawa. Da wuya ki yi minti biyu ba ki hango fitilar wani a gaba ko a baya ba, motocin tawagogi kuma suna wucewa a jere, kowane wurin miƙawa akwai masu aikin sa kai. Doka ce daga ƙarfe shida na yamma zuwa safiya kowa ya sa riga mai ɗaukar haske, tocila a goshi ko a hannu, da ƙananan fitilu masu walƙiya gaba da baya. An hana toshe kunne da abin jin waƙa. Abin da ya kamata ki fi kiyayewa mota ce da direbanta ke gyangyaɗi, da kuma ƙurar zango na 20 da na 21. Ki tanadi ƙyalle ki rufe hanci.

Hijabi da dogon wando ba su saɓa wa wata doka ba, da dare ma sun fi dacewa da sanyin wurin. Tawagogi iri uku ne, na maza zalla, na mata zalla, da na haɗaka. Wadda zaman awa 30 a mota ɗaya da maza bai kwanta mata ba, ta faɗa tun farko a sa ta a motar mata ko ta nemi tawagar mata.

Yaya za mu yi da salla, ga shi ranar Juma'a ake tashi?

Daga Oregon alƙibla tana arewa ne da ɗan karkata zuwa gabas, wajen digiri 17 zuwa 18 daga arewa. Wanda ya saba fuskantar gabas yakan yi mamaki. A duba tun ana cikin gari, domin a dajin da babu sabis wasu manhajojin ba sa buɗewa. A ƙarshen Agusta alfijir kan keto wajen ƙarfe biyar, rana ta faɗi wajen takwas na dare. Buta, ƙaramar darduma da jarkar ruwa ta musamman su kasance a kowace mota, saboda banɗakunan hanya na tafi-da-gidanka ne, ba famfo.

Sauƙin da aka yi wa matafiyi sananne ne: ƙasaru, haɗa Azahar da La'asar, haɗa Magariba da Isha'i, Juma'a kuma ba ta wajaba a kansa ba. A mazhabar Malikiyya nisan ƙasaru mil 48 ne, kuma niyyar zaman kwana huɗu a gari ɗaya tana yanke shi, don haka wanda zai daɗe a Portland kafin tsere ya tambayi malaminsa tun kafin ya taso. Iyalin da suka rage a gari kuwa suna da masallatai: Masjid As-Saber a kudu maso yammacin Portland, masallacin Bilal a Beaverton, da cibiyar Muslim Educational Trust a Tigard. A shaida wa abokan tawaga tun farko cewa za a riƙa ɗaukar minti biyar; idan sun sani, su da kansu za su riƙa tunatarwa.

Abinci fa? Za mu samu halal?

A Portland da Beaverton babu matsala, akwai shagunan nama da gidajen abinci na Larabawa, Somaliyawa da 'yan Pakistan. Da an fita zuwa bakin teku sai su yi ƙaranci ƙwarai. Ku yi cefane a gari, ku cika kula da ƙanƙara, uwargida ta yi miya mai yawa a daskarar. A bakin teku kifi ne mafita, kuma kifin mai kyau ne. A kula da miyar nan fara mai kauri ta naman kwanson teku da kowane gidan abinci ke tallatawa: sau da yawa ana sa mata naman alade. Soyayyen kifin ma wasu da giya suke kwaɓa fulawarsa. A tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi.

Mai zuwa daga gida kada ya ɗauko kilishi ko dambun nama, jami'an kwastan na Amurka suna ƙwace nama, kuma ɓoye shi na jawo tara. Ga mai gudu, dabino, ayaba, gyaɗa, burodi da zuma da dafaffen dankali sun wadatar. Ranar tsere ba ranar gwada sabon abinci ba ce, kuma a rage yaji tun daga Alhamis.

Tunda lokacin zafi ne, kayan shan iska kawai za mu ɗauko?

Za ku sha sanyi. Portland kan kai digiri 30, wani lokacin ta wuce 35, amma a Timberline da asuba sai da rigar sanyi, a Seaside kuma da ƙyar rana ke wuce digiri 20, ga hazo da iska. A 2015 guguwa mai ƙarfi ta tarwatsa rumfunan da aka kafa a filin ƙarshen tseren. Kowane yaro a tanadar masa rigar sanyi mai hula, rigar ruwa, da takalmi na biyu, domin na farkon zai jiƙe tun ranar farko. Mai gudu ya ƙulle kayan kowane zango a ledarsa daban.

Yara za su iya shiga tekun?

Su tsoma ƙafa, iyaka idon sawu, hannunsu a cikin na babba. Ruwan yana da sanyin digiri 10 zuwa 14 ko a tsakiyar zafi, sanyin da ke kashe wa gwanin iyo gaɓoɓi cikin mintuna. Babban haɗarin wannan gaɓar teku shi ne igiyar ruwan da ke zuwa ba sallama: teku ya yi lakadan na tsawon lokaci, sai guda ɗaya ta taso ta wuce inda duk sauran suka tsaya, ta cika wa mutum tufafi da yashi ta ja shi. Mutanen yankin suna da ka'ida da suke koya wa 'ya'yansu, ba a juya wa teku baya. Gungumen itatuwan da ke zube a kan yashi ma ba wurin wasa ba ne, ruwa kaɗan ya isa ya mirgina su a kan yaro.

Ku riƙa duba jadawalin cikowa da janyewar ruwa kullum, ana samun sa a otal da shaguna. Za ku kuma ga alluna shuɗɗa masu nuna hanyar gudu idan tsunami, wato ambaliyar teku da girgizar ƙasa ke jawowa, ta taso. Ba ado ba ne: a watan Janairun 1700 wata gagarumar girgizar ƙasa ta auku a wannan gaɓa, igiyarta ta kai har Japan. Duk masaukin da kuka sauka ku san hanyar tudu mafi kusa. Idan ƙasa ta girgiza, a kama hanyar tudu da ƙafa nan take.

Me za mu gani a kusa da Seaside ba tare da doguwar tafiya ba?

A cikin garin akwai hanyar ƙafa ta kilomita biyu da rabi a gefen rairayi, da ɗan gidan kifaye da aka buɗe tun 1937. Akwai kuma wurin da mutanen ayarin Lewis da Clark, masu binciken ƙasa da suka ratsa yammacin Amurka har zuwa teku, suka dafa ruwan teku suka fitar da gishiri a hunturun 1805 zuwa 1806, lokacin da suka yi zango a Fort Clatsop, a ƙasar ƙabilar Clatsop. A cikin ayarin akwai baƙar fata guda, York, bawan Clark, wanda ya ratsa nahiyar tare da su ya kuma koma cikin bauta bayan an dawo. Yaranmu sun cancanci jin sunansa a wurin.

Kilomita 15 kudu akwai Cannon Beach da dutsen Haystack mai tsayin mita 72. Idan ruwa ya janye ana isa gindinsa da ƙafa a ga ƙananan halittun da suka rage a cikin kududdufai, amma an hana hawa da ɗauka. A arewa, a Fort Stevens, ƙarafan jirgin ruwan Peter Iredale da ya kafe a 1906 suna nan a cikin yashi. Hasumiyar Astoria matakala 164 ce. Yara su hau da uwarsu, mai gudu ya jira a ƙasa, domin daga gindinta ma ana ganin bakin kogin Columbia da gadar da ta haura kilomita shida. Duk inda kuka ga rairayi kuna da 'yancin takawa: dokar 1967, zamanin Gwamna Tom McCall, ta tabbatar da gaɓar Oregon a matsayin ta jama'a daga farko har ƙarshe.

Muna son ganin dogayen itatuwan nan na Kaliforniya da ake kira redwood. Zai yiwu a tafiya ɗaya?

Zai yiwu idan kuna da kwana huɗu bayan Lahadin hutu. Idan ba ku da su, ku haƙura. Daga Seaside zuwa Crescent City, garin da ke kusa da itatuwan a arewacin Kaliforniya, kusan kilomita 600 ne, titin kuma yana ratsa tsakiyar kowane gari, a bayan motocin 'yan yawon buɗe ido masu jan gida. Wanda ya nemi yin sa a yini ɗaya zai wuce duk abin da ya zo gani. A raba shi uku. Ranar farko a tsaya a Oswald West, inda hanyar ƙasa da kilomita ɗaya ke ratsa tsohon daji ta fito a wani lungun teku, sai masana'antar cukun Tillamook, sai Depoe Bay inda akan hango kifayen whale ko a lokacin zafi, a kwana a Newport. Rana ta biyu Cape Perpetua, hasumiyar fitilar Heceta Head, da jigayin yashin da suka miƙe kilomita 60 daga Florence zuwa Coos Bay. Rana ta uku Bandon da Brookings, a tsallaka iyaka. Akwai shingen binciken kayan gona a shiga Kaliforniya, a cinye 'ya'yan itatuwa kafin nan.

Dajin Jedediah Smith shi ne farkon da za ku tarar, kuma ya wadatar. Irin waɗannan itatuwa su ne mafi tsayi a duniya, wasu sun haura mita 100, wasu kuma sun doshi shekara 2,000. Abin da ya rage na tsohon dajin bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba, saura duk an sare. A bi titin Howland Hill, na ƙasa ne kuma matsattse, a tsaya a kurmin Stout, zagayen da ɗan shekara uku zai iya. Kada a je neman itacen da ake kira Hyperion, mafi tsayinsu duka. An rufe hanyarsa, kuma akwai tara mai nauyi.

Wanda lokaci bai ba shi ba, ya koma Portland ta titi mai lamba 6, ya tsaya a cibiyar dajin Tillamook. Gobara huɗu ce ta cinye wannan daji tsakanin 1933 da 1951, aka sake dasa shi da itatuwa fiye da miliyan 70, kuma cikin masu dashen har da 'yan makaranta da aka riƙa kaiwa a motoci. Ga duk wanda ya fito daga inda hamada ke cin gona, wannan labarin ya fi tsayin itace amfani.

Me ya kamata mu sani game da motar haya da tuƙi?

Hannun dama ake bi, kamar Nijeriya da Nijar, alluna kuma da mil suke lissafi. A kama motar iyali da wuri, domin a wannan makon tawagogi kan kwashe duk wata babbar mota a filin jirgin Portland. Dokar Oregon ta ce yaro ƙasa da shekara biyu sai a kujerarsa mai fuskantar baya, kuma sai ya cika shekara takwas ko ya kai tsayin santimita 145 kafin ya bar kujerar ƙarin tsayi. Zuwa da taku daga gida ya fi haya araha. Babu harajin saye a Oregon, farashin da ke jikin kaya shi za a biya. A sauke taswira a waya tun akwai intanet, kuma kada a bar jaka a bayyane a cikin mota a wuraren shiga daji, ana fasa gilashi.

Idan gobarar daji ta tashi a lokacin fa?

Agusta da Satumba su ne tsakiyar lokacinta, kuma ko wutar tana nesa hayaƙinta kan rufe Portland da kwarin Columbia kwanaki. Bakin teku yakan fi tsira saboda iskar da ke tasowa daga yamma. Mai ciwon asma, yaro ko babba, ya zo da maganinsa ninki biyu. Kowace safiya a duba shafin TripCheck na hukumar hanyoyin Oregon da ma'aunin ingancin iska. Idan hayaƙi ya yi yawa kafin tsere, a soke kwanakin dajin a wuce teku da wuri. Masu dawowa daga Kaliforniya ta titi mai lamba 199 zuwa Grants Pass, sannan babban titi mai lamba 5 zuwa Portland, tafiyar wajen awa shida, su fi kowa lura, domin gobara ta taɓa rufe 199 na kwanaki a 2023. Saboda haka kada a sa ranar dawowa ta zama ranar tashin jirgi. A bar kwana ɗaya a tsakani, a kwana a Portland.